Haɗa katin gaisuwa da hannu: kwali, ninki da gam, kafin a zo maganar ado

Katin gaisuwa na hannu ba a wajen ado yake lalacewa ba. Wurare uku ne ke kashe shi: yanka, ninki da gam. In waɗannan sun fita tsaf, ko fure ɗaya ka liƙa a tsakiya ka rubuta "Barka da Sallah" a ƙasa, wanda aka ba sai ya juya bayansa yana neman sunan kamfanin da ya buga. In kuwa baki ya karkace, ninki ya tsattsage, gam ya sa kwalin ya kumbura, duk duwatsun adon da ke Kasuwar Wunti ta Bauchi ba za su rufa masa asiri ba.

A fara da kwalin. Ana auna nauyin takarda da giram a kan murabba'in mita ɗaya, shi ne lambar da kake gani a jikin ƙunshi tare da haruffan gsm. Takardar fotokofi da ke ko'ina 70 ce ko 80. Ba ta yin jikin kati, don ba za ta tsaya da ƙafarta a kan tebur ba, amma tana da amfani wajen shafin ciki da ambulan. Jikin kati yana son abin da ya kama daga 220 zuwa 300. A ganina 250 ya fi daɗin aiki: yana tsayawa, yana ninkuwa ba gardama, wuƙa ma ba ta wahala a kansa. Abin da za a ɗora a sama, wato shimfiɗa ta biyu da furanni, 120 zuwa 160 ya isa. Idan mai shago bai san nauyin ba, wanda hakan ba abin mamaki ba ne tunda galibi a warware ake sayarwa, riƙe gefe ɗaya na shafin da yatsu biyu ka miƙe shi. Wanda ya langaɓe nan take ba na jikin kati ba ne.

Akwai abu biyu da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. Na farko, kalli bakin kwalin mai launi. Wani an rina shi har ciki, wani fuskar kawai aka shafa, cikinsa fari ne. Mai farin ciki duk inda ka yanka ko ka ninke sai farin layi ya fito, kuma a baƙi ko ja ko shuɗi mai duhu abin ya fi muni. Na biyu, sheƙi. Kwalin nan mai santsi da masu buga katin ɗaurin aure da kalanda ke amfani da shi yana da kyau a ido, amma fuskarsa ba ta shan tawada. Ka yi rubutu da biro mai ruwa, bayan minti goma ka taɓa, ya goge. Farin gam ma yana daɗewa bai kama shi ba. Wanda zai rubuta da hannu ya nemi marar sheƙi. Amma masu buga katin suna da wani amfanin: ragowar yankan da suke tarawa a ƙarƙashin injin yanka kaya ne mai kyau, kuma da ɗan abin da za ka ba su za su yanke maka tarin kwali ɗari a bugu ɗaya, bakin ya fita daidai yadda hannu ba zai taɓa yi ba.

Awo kuma ba shi da wuya in an riƙe lambobi kaɗan. A4 milimita 210 ne a 297. Ka raba shi biyu ta tsawonsa, a kan 148.5, ka samu A5 guda biyu, kowanne 148 a 210. Ka ninke kowanne a kan 105, ka samu katin A6 mai faɗin 105 da tsawon 148. Ke nan shafin A4 ɗaya kati biyu yake bayarwa ba tare da asarar ko ƙyalle ba. Ambulan ɗinsa C6 ne, 114 a 162. Babban kati, wato A4 da aka ninke biyu ya zama A5, ambulan ɗinsa C5 ne, 162 a 229.

Masu koyo ta YouTube su yi hattara a nan. Yawancin bidiyon daga Amurka suke, su kuwa da inci suke awo, takardarsu ma ba A4 ba ce, inci 8.5 ce a 11, ta fi tamu faɗi kaɗan amma ba ta kai ta tsawo ba. Katin da suke kira A2 inci 4.25 ne a 5.5, ba shi da alaƙa da A2 ɗin da muka sani, wanda ƙaton shafi ne mai milimita 420 a 594. Nauyi ma da fam suke faɗa: abin da suke kira 80 na kwali ya kai kusan giram 216, 110 kuma kusan 300. Ka ɗauki dabarar, ka bar musu awon.

Yanzu ga abin da yawancin masu farawa ba su sani ba, kuma shi ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo: takarda tana da jijiya. Lokacin da ake yin ta a masana'anta, zaruruwan itacen suna kwantawa ne su fuskanci inda injin ke tafiya. Kamar faskare ne, in ka bi jijiyar itace gatari ya wuce salin alin, in ka gitta ta sai ka sha wuya. Ninkin da ya bi jijiya yana fita sumul. Wanda ya gitta ta yana karya zaruruwan, bayan katin ya tsattsage. Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ɗauki shafi ka lanƙwasa shi a hankali ta tsawo ba tare da ka karya ba, sannan ka lanƙwasa ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin ba da kai, layin lanƙwasar nan shi ne hanyar jijiya. A yawancin A4 na ƙunshi jijiyar tana bin tsawon 297. Shi ya sa ƙaramin katin A6 da aka yi yadda na bayyana a sama yake ninkuwa lafiya, don ninkinsa ya bi jijiya, shi kuwa babban katin A5 ya fi yawan tsagewa, don ninkinsa ya gitta. Kwalin da aka yanko daga manyan shafuka ba shi da wannan tabbacin, sai an gwada kowane tari.

Ko ninkin ya bi jijiya, kwalin da ya wuce giram 160 ba a ninke shi haka kawai da hannu. Sai an ja masa hanya. Sa alama da fensir a sama da ƙasa a kan 105, ɗora rula, ka ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare ƙaf, ko bayan wuƙar tebur marar kaifi, ka ja layi sau biyu ko uku da ɗan dannawa. A sa wani kwalin ko tsohuwar mujalla a ƙasa don bakin biron ya samu inda zai lotsa. A kan tebur tsirara ba zai lotsa ba, sai dai ya karce. Sannan a kula da ɓangaren da za a ninke: kwarmin layin ya kasance a waje, tudun da ya fito a ɗaya fuskar ya shige ciki. Da yawa suna yin akasin haka don shi ya fi kama da hankali, amma fuskar waje ita ce ke miƙewa in an ninke, kuma kwarmin ya riga ya miƙar da ita. Bayan an ninke, a ɗora farar takarda a kai a goga da bayan cokali. Gogawa kai tsaye tana barin sheƙi a kan kwali mai duhu.

Yanka kuma, almakashi na furanni ne da lanƙwasa, ba na miƙaƙƙen layi ba. Miƙaƙƙen layi na wuƙar yankan takarda ne, irin wadda ake ɓalle bakinta in ya dakushe, da rular ƙarfe. Rular roba wuƙa tana fere ta, cikin mako guda bakinta ya zama tudu da kwari, duk layin da ka ja da ita daga nan karkatacce ne. Kada a nemi yanke kwalin 250 a ja ɗaya. Ja uku marasa nauyi sun fi ja ɗaya mai ƙarfi, don ƙarfin ne ke sa rula ta zame, wuƙa ta hau yatsa. Rular ta danne ɓangaren da kake so, wuƙar ta bi ɓangaren da za a yar, ta yadda in ta kauce, shara ta ci. Da zarar bakin yanka ya fara fitar da gashi-gashi, ɓalle gaɓa ɗaya. A ƙasa, tabarmar yanka ta roba, wadda ɗaliban zanen gine-gine ke amfani da ita, ta fi komai. In babu, kwalin katan mai kauri zai yi, sai dai a riƙa canza shi, don tsofaffin layukan yanka suna jan wuƙa su kauce da ita. Gilashi yana ba da yanka mai tsabta amma yana cinye kaifi da wuri. Reza tsirara kuwa, a bar ta kawai.

Sai gam, inda aka fi yin ɓarna. Farin gam irin Top Bond da masu aikin katako ke amfani da shi yana kama takarda da kyau, yana bushewa garau, kuma ba tsada. Matsalarsa ruwa ne a cikinsa. Takarda in ta sha ruwa zaruruwanta suna kumbura ta gefe, fuskar da aka shafa ta faɗaɗa, ɗayar ta tsaya yadda take, sai katin ya lanƙwashe. In ya bushe kuma ya tsuke ya ja ta ɗaya ɓangaren. Maganin shi ne a rage shi har ka ga kamar bai isa ba. Ɗiga kaɗan a kan murfin roba, ka ɗebo da guntun kwali ko tsinken sakace, ka shafa siriri a kan ƙaramin abin da za a liƙa, ba a jikin katin ba, ka tsaya milimita 2 ko 3 kafin baki don kada ya tsattsafo. In kana iya ganin farinsa kwance a kan takardar, ya yi yawa. Bayan an liƙa, a sa tsakanin fararen takardu biyu a danne da littattafai masu nauyi. Ba jarida ba, tawadarta tana tashi.

Manyan shimfiɗu, kamar ɗora kwali a kan kwali, salatif mai fuska biyu ya fi dacewa da su, tunda ba ruwa a cikinsa. Aibinsa ba ya yafiya, inda ya taɓa nan ya zauna. Dabarar ita ce a ɓare santimita ɗaya kawai na takardar bayansa a kowane gefe, a lanƙwaso ta waje, a daidaita shimfiɗar sosai, a danna kusurwa, sannan a zare sauran a hankali. Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga na abubuwa masu tudu ne, maɓalli, ribon, furen leda, amma yana barin zare-zare da ƙullutu, kuma katin da aka bari a cikin mota da zafin Maris ko Afrilu yana iya sakin kayansa. Sufa gulu bai da gurbi a wannan aiki. Yana ratsa takarda ya bar tabo, yana barin farin hazo a kan duwatsu, kuma in ya haɗu da auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, atamfa kuwa auduga ce. Gam ɗin masu gyaran takalmi yana fitar da rawayan tabo ta ɗaya fuskar bayan 'yan makonni. Kokon sitati yana liƙawa, amma kyankyaso da gara suna son sa, da damina kuma yana funfuna.

Yanayin garinmu ma yana da hannu a aikin. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar Bauchi tana busar da kwali har ya yi kaushi, ninkin da ya fita lafiya a watan Agusta sai ya tsage a Janairu da kwali iri ɗaya. A ajiye kaya a cikin leda a ɗaure, a zurfafa layin ninki, a ninke sannu a hankali ba a karye lokaci ɗaya ba. Gam ma yana bushewa kafin ka gama daidaitawa, don haka a shafa ɗaya a liƙa ɗaya. Ga ƙura, wadda ke manne wa duk inda gam ya leƙo ta bar jan layi a kan farin kati. Da damina labarin ya juya: kwali yana shan danshi ya yi laushi ya lanƙwashe tun kafin a taɓa shi, gam yana ɗaukar awanni. A ajiye shafukan a kwance, nesa da ƙasa da bango, kuma abin da aka liƙa ya kwana a ƙarƙashin nauyi.

In an gama da waɗannan, adon abu ne mai sauƙi. Mafi sauƙinsa shimfiɗa a kan shimfiɗa. Fuskar A6 105 ce a 148. A yanka kwali mai launi 99 a 142, wato an bar milimita 3 ta kowane gefe. A kansa a ɗora fari ko ruwan madara 93 a 136. Wannan siririn layin launi da ke zagaye shi ne ke sa kati ya yi kama da na kanti, amma fa shi ne kuma ke tona asirin yanka marar kyau, don ido yana gane bambancin milimita ɗaya tsakanin hagu da dama. Launi uku ya isa. Masu farawa suna son zuba duk abin da suka saya a kati ɗaya, ƙyalƙyali, ribon, duwatsu, fure shida. Abu ɗaya babba, rubutu, da fili da aka bari haka nan, ya fi.

Ƙyallen atamfa da shadda da ke zube a shagon tela shi ne kayan adon da ya fi arha kuma ya fi zama namu. A goge shi da dutsen guga tukuna. Kada a liƙa shi kai tsaye a fuskar kati, bakinsa zai yi ta zarewa. A yi masa taga: a shimfiɗar nan ta 99 a 142, a yanke rami 60 a 90 a tsakiya, a yanka ƙyallen 80 a 110 don ya wuce ramin da santimita ɗaya ta kowane gefe, a liƙa shi ta baya da salatif mai fuska biyu yana miƙe, sannan a ɗora duka a kan katin. Bakin ƙyallen ya ɓuya. A zaɓi atamfa mai ƙananan zane, don babban fure in aka yanko shi a taga mai santimita 6 ba wanda zai gane mene ne. Katin biki da aka yi da ƙyallen ankon bikin kansa yana da farin jini, amare suna ajiye shi. In za a sa farin gam a kan yadi, a shafa a kwalin, a bari ya ɗan sha iska, don in aka shafa a yadin yana ratsawa ya bar duhun tabo, musamman a shadda.

Ɗinki a kan kwali ma yana fitowa da kyau, kuma dagin Arewa ko jinjirin wata da tauraro sun dace da shi. A zana a takardar lissafi mai gida-gida, a ɗora a kan shimfiɗar, a sa tafin tsohon silifa mai tsabta a ƙasa, a huda da allura kowane milimita 5. Ramukan da suka matsu fiye da milimita 3 suna haɗewa su yage in an ja zare. A huda duka kafin a fara ɗinki. Ba a ƙulla zare a baya, ƙullin yana yin tudu ya nuna ta gaba, sai dai a danne bakin da guntun salatif. Dagi yana da ƙa'ida: layin da ya bi ta sama a wannan mahaɗa, ta ƙasa zai bi a ta gaba. In aka saɓa wannan, duk wanda ya saba ganinsa a jikin gini ko babbar riga zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Furen naɗi ana yin sa da siraran takardu masu faɗin milimita 3 ko 5, nauyin 80 zuwa 120, tsawon A4. A tsaga bakin tsinken sakace, a soka bakin takardar, a naɗe, a sake shi ya ɗan warware har ya kai santimita ɗaya da rabi, a ɗiga gam a ƙarshe, a matse gefe ɗaya ya zama kamar ɗigon ruwa. Biyar ko shida sun ba da fure. Sai dai yana da tudu, ambulan na C6 zai matse shi, don haka irin wannan kati hannu da hannu ake miƙa shi ko a sa a ɗan kwali.

Katin da abu ke tasowa in an buɗe shi yara suna haukarsa, kuma lissafinsa ɗaya ne tak. A ɗauki shafin ciki na 160, a ninke biyu, a yi yanka biyu daga bakin ninkin, zurfin milimita 20, tazarar 15 tsakaninsu. A ja layin ninki tsakanin ƙarshen yankan biyu, a buɗe, a tura harshen ciki ya zama ɗan mataki. A gaban matakin ake liƙa hoton, rago ko masallaci ko kek. Zurfin matakin da tsayin hoton in an haɗa kada su wuce faɗin katin. A katin da ke buɗewa sama mai zurfin 105, mataki 20 yana nufin hoton kada ya wuce 80, in ba haka ba kansa zai leƙo waje in an rufe. Wajen liƙa shafin cikin a jikin kati, a sa gam a rabi ɗaya, a rufe katin a kai, a juya, a yi ɗaya rabin. In aka liƙa shi a buɗe, ba zai rufu ba.

Wanda zai yi katin goron Sallah ko na gudummawar biki ya san wannan: takardar naira 100 zuwa 1000 milimita 151 ce a 78. Ta fi katin A6 tsawo da milimita 3, ba za ta shiga a miƙe ba. Ko dai a ninke kuɗin, ko a yi dogon kati: a yanka kwali 198 a 210, a ninke a kan 99, ya zama 99 a 210, wanda ke shiga doguwar ambulan ta ofis mai 110 a 220. Aljihun ciki a yanka shi 190 a 50, a liƙa gefe uku da siririn salatif, a bar sama a buɗe.

Rubutu a yi shi kafin a liƙa, a kan shimfiɗar da ke ware, don in hannu ya kuskure guntu ɗaya aka rasa ba kati duka ba. A ja layin fensir mai laushi, a rubuta kalmomin da fensir a ga sun zauna a tsakiya, a bi da tawada, a jira ta bushe sarai kafin a goge. Tawadar alƙalamin maka mai ƙarfi tana ratsa kwalin da bai kai 200 ba. In a shagon kwamfuta za a buga, akwai tarko biyu. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga "Allah ya ƙara lafiya" ya fito da ɗan akwati a wurin ƙ, ko harafin ya fito da wata siffa daban. A duba a allon kafin a buga, a mayar da aikin PDF. Rubutun Larabci ko ajami kuma wasu manhajojin suna warwatsa haruffansa su juya shi baya, wanda ya iya karantawa ya duba. Tawadar firinta mai ruwa tana zuba in farin gam ya taɓa ta, ta mai gari kuma tana ɓarewa a kan ninki, don haka kada rubutu ko hoto ya hau layin ninki. Firintoci da yawa ma ba sa jan kwalin 300, gara a buga a 160 a ɗora.

Kalmomin kansu ba sa bukatar tsawo. "Barka da shan ruwa", "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana", "Barka da arziki, Allah ya raya", "Allah ya ba da zaman lafiya", "Allah ya sa albarka a karatu" ga mai sauka, "Barka da Kirsimeti" ga maƙwabta da abokan aiki. Na manya a rubuta da "ku": "Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana." Ayar Alƙur'ani kuwa ina ganin a bar ta. Kati yana ƙarewa a hannun yara, a ƙasa, ko a shara, kuma addu'a da Hausa ta isar da saƙon. Ga katin walimar sauka, zayyanar allo a gefe ta wadatar.

Ambulan in babu na saya, A4 ɗaya ya isa. A yanka shi murabba'i, 210 a 210, a juya shi kusurwa tana kallon sama. A yanka wani kwali mai tauri 114 a 162 ya zama ma'auni, a ɗora a tsakiya a kwance. A ninko hagu da dama, a ninko ƙasa, za ta hau kansu da kusan santimita ɗaya da rabi, nan ake sa gam. A datse 'yan ƙananan kusurwoyi huɗun da suka taru a gefe. Don murfin, ƙaro ya fi: kashi ɗaya na ƙaro, kashi biyu na ruwa, ya kwana ya narke, a tace da ƙyalle, a shafa siriri a bakin murfin a bar shi ya bushe a buɗe. Ranar da za a rufe, yatsa mai ɗan ruwa ya isa. Da damina dai a sa guntun leda a tsakani, don danshi kaɗai yana iya rufe shi.

Wanda ya karɓi aikin kati 50, shafi 25 lissafi ya ce, amma ya sayi 30, kuma daga tari ɗaya, don farin yau da na mako mai zuwa ba lallai su zama iri ɗaya ba. Ya haɗa guda ɗaya cikakke ya nuna wa mai aikin ya amince, musamman rubutun sunaye da kwanan wata. Daga nan ba ɗaya bayan ɗaya ake yi ba: a yanka duka, a ja layin duka, a ninke duka, sannan ado. A auna lokacin da guda ɗaya ya ci kafin a faɗi farashi, don katin ɗinki yana iya cin ninkin lokacin na taga sau uku alhali kayansa ba su kai nasa kuɗi ba, kuma a sa bakin wuƙa da salatif da ambulan a lissafi. Kowanne in ya gama bushewa a sa shi a farar leda mai manne baki, a jera su a tsaye a cikin kwalin takalmi, masu tudu a raba su da guntun katan.